Dausayin da ya ƙafe, zai iya dawowa?

Me ake nufi da dausayi?

Duk ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, ko shekara cur ko na wasu watanni: fadama, bakin tafki, gaɓar teku mai taɓo. Tana shanye ambaliya, ta tace ruwa, ta kuma shayar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Tun 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare ta a garin Ramsar na Iran, amma rahoton masu kula da yarjejeniyar na 2018 ya nuna kusan kashi 35 cikin 100 na dausayin duniya ya salwanta daga 1970 zuwa 2015.

Idan ya bushe, shi ke nan?

Ba lallai ba. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Saddam Hussein ta janye ruwan fadamun kudancin Iraƙi, har kusan kashi 90 cikin 100 suka zama faƙo. Da gwamnatin ta faɗi a 2003, mutanen yankin da kansu suka fasa shingayen. Ruwa na shiga, ciyayi suka tsiro, kifi da tsuntsaye suka dawo, masu kiwon ɓauna suka koma gida. Ba wanda ya bi fadamar yana shuka ta. Irin yana kwance cikin ƙasa, ruwa kawai yake jira.

Ke nan aikin ba shi da tsada?

Wani lokaci da tsada ƙwarai. A jihar Florida ta Amurka an miƙar da kogin Kissimmee ya zama magudana a shekarun 1960, sannan aka dawo ana cike wani ɓangaren magudanar don kogin ya koma tsohuwar hanyarsa mai lanƙwasa. Sai a 2021 aka gama, bayan an kashe kusan dala biliyan ɗaya. Ɓarnar ta ɗauki shekara tara, gyaran ya haura ashirin.

To ina matsalar take nan gaba?

A rabon ruwa. Noma ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ake ɗiba a duniya, kuma madatsun ruwa ke yanke shawarar abin da zai gangara ƙasa. Dausayi ba yawan ruwa kaɗai yake so ba, yana son cika da janyewa a kan lokaci, domin da haka kifi ke hayayyafa, ciyawa ke sabuntuwa. Madatsar da ke sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara sai ta mayar da fadama kududdufin da ciyawar kacalla ke toshewa.

A 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashe sun yi alkawarin fara farfaɗo da kashi 30 cikin 100 na wuraren da suka lalace kafin 2030. A ganina alkawarin ba zai yi tasiri ba sai an ware wa kogi nasa kason a dokance. Fadamun Iraƙin nan ma sun sake ja da baya a 'yan shekarun nan, saboda fari da madatsun da Turkiyya da Iran suka gina a saman kogunan da ke shayar da su.