Dokar Sauyin Yanayi ta 2021: Me Ta Tanadar wa Mutumin Arewa?

Manomin Yusufari a Jihar Yobe ba ya buƙatar a yi masa lacca kan sauyin yanayi. Da idonsa yake ganin tudun rairayi yana matsowa har ya binne gonar da ya gada. Haka mutumin Maiduguri da ya farka a daren 10 ga Satumba, 2024, ya tarar da ruwan madatsar Alau a tsakar gidansa. Abin da akasarin mutanenmu ba su sani ba shi ne akwai doka sukutum da ta wajabta wa gwamnati ta yi shiri kan irin waɗannan masifu tun kafin su auku.

Ita ce Dokar Sauyin Yanayi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Nuwamba na 2021, jim kaɗan bayan taron duniya na birnin Glasgow, inda ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda dazuzzukanta da sauran hanyoyi ke iya shanyewa ba. Ɗan majalisar wakilai Sam Onuigbo daga Jihar Abiya ne ya gabatar da ƙudurin. Ita dokar ba ta tsaya kan shekara ɗaya ba, cewa ta yi a kai ga wannan matsayi tsakanin 2050 da 2070.

Abu na farko da ta yi shi ne kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi. Shugaban ƙasa da kansa ne shugabanta, mataimakinsa na biye masa, sannan ga ministoci, da gwamnan Babban Banki, da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da shugaban ƙungiyar gwamnoni, da na ƙungiyar ƙananan hukumomi, da wakilan mata da matasa da masu buƙata ta musamman. Zaman mai ba da shawara kan tsaro a wannan teburi ya yi daidai, domin duk wanda ya san yadda ƙarancin burtali da mashaya ke haɗa manomi da makiyayi ya san zancen yanayi zancen zaman lafiya ne. Aikin yau da kullum yana hannun ofishin babban darakta, kuma Dakta Salisu Dahiru ne ya fara riƙe kujerar a 2022. Dokar ta kuma tanadi jami'i a kowace shiyya ta ƙasar nan da darakta a kowace jiha.

Majalisar tana aiki ne da takardu biyu da ake sabuntawa duk shekara biyar. Ta farko ita ce kasafin hayaƙi, wato iyakar gurɓatacciyar iskar da aka yarda ƙasa ta fitar. Daga nan ne aka ɗora wa duk kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama nauyin rage nasa hayaƙin, da ajiye jami'in da zai riƙa ba da rahoto kowace shekara. Wannan ya fi shafar masu man fetur da siminti da manyan masana'antu.

Takarda ta biyu ce tamu, kuma a kanta nake so mu daɗe. Sunanta tsarin aikin ƙasa kan sauyin yanayi, a cikinta ake zayyana wuraren da suka fi fuskantar haɗari da matakan da za a ɗauka don jama'a su jure. Dokar ta ce kafin a amince da tsarin sai an baje shi a gaban jama'a na tsawon mako takwas aƙalla, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ke nan ƙungiyar manoman shinkafa a Haɗeja tana da hurumin rubutawa ta ce ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, a sa wannan a lissafi. Masunta da manoman bakin Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya janye da kusan kashi 90 cikin 100, su ma suna da bakin magana. Damuwata ita ce irin wannan sanarwa takan tsaya a shafin intanet da Turanci, a yi taro a otal a Abuja, a ce an ji ra'ayin jama'a. Wanda yashi ya cinye wa gona rediyo yake saurara, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci. In ba a bi ta nan ba, an cika harafin doka amma an bar manufarta.

Sai maganar kuɗi. An kafa Asusun Sauyin Yanayi da zai riƙa samun kuɗi daga kasafin da Majalisar Tarayya ta ware, da tallafin ƙasashen waje, da tarar da aka ci masu karya ƙa'ida, da harajin hayaƙi. Daga cikinsa ake biyan hidimar ofis, daga cikinsa kuma ake ɗaukar nauyin ayyuka. To a nan ya kamata 'yan majalisarmu su buɗe ido, domin asusun da albashi da tafiye-tafiye suka lamushe ba zai haƙa rijiya ko ɗaya a Illela ba.

Akwai wani sashe da ba a cika ambatonsa ba, alhali yana da nauyi. Ya ba kotu ikon dakatar da duk aikin da ke cutar da muhalli, da tilasta wa jami'in gwamnati ya yi abin da ya rataya a wuyansa, da umartar a biya diyya ga wanda abin ya shafa kai tsaye. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, talaka shi kaɗai ba zai iya ba, amma ƙungiyoyin ci gaban gari da lauyoyinsu za su iya.

Dokar ba ita kaɗai take tafe ba. Tun 2015 aka kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa don dasa shingen itatuwa a jihohi 11 da hamada ke kwararowa: Adamawa, Bauci, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Ga kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, na jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya afka wa. Duk da haka ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar, Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gargaɗi ya fita, shiri ne bai kai ƙasa ba.

Dalili kuwa a fili yake. Dokar ta tarayya ce, amma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa filaye. Gwamnan jiha ne zai hana gini a kan magudanar ruwa, shi zai kare gandun daji daga masu gawayi, shi zai dawo da burtalin da aka nome. Majalisar Sauyin Yanayi da ke Abuja ba ta da malamin gona ko ɗaya a ƙauye.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da ake samu idan aka sakar wa manomi mara. Tun shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar toho mafi ƙarfi a yi ta gyara shi har ya zama itace. Da manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, ba jami'in daji zai ci shi tara a kai ba, sai itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan biyar. Dokarmu ta 2021 ta umarci majalisar ta ƙarfafa irin waɗannan dabaru da ke dogara da ƙasa da itace. Tsakanin Maraɗi da Jibiya ba wata tazara ba ce, ƙasa iri ɗaya, ruwan sama iri ɗaya, kuma majalisar dokokin Katsina ko ta Jigawa tana da ikon yin dokar da za ta tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya raina a gonarsa.