Ƙarin Albashi Kaɗai Ba Ya Haifar da Ƙwazo

Shugabannin ma'aikatu da dama sun daɗe da yarda cewa da zarar an ƙara wa ma'aikaci albashi zai zage damtse. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

A shekarar 1959, Frederick Herzberg, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, inda suka nemi kowa ya faɗi lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi ƙosawa da shi. Wajen ɓacin rai, mutanen sun fi ambaton tsarin kamfani, halin mai duba aiki, yanayin wurin aiki da albashi. Wajen jin daɗi kuwa, sai suka riƙa kawo nasarar kammala aiki mai wuya, yabon da ya biyo baya, da amanar da aka danƙa musu.

Kada wani shugaba ya fake da wannan ya danne haƙƙin jama'arsa, domin wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata hankalinsa na kan buhun shinkafa da kuɗin makaranta. Sai dai kuma akawun da ake biya da kyau, amma maigidansa na sake bin kowane lissafinsa ba tare da ya taɓa cewa madalla ba, zai zo ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu, ko ya hango gyara ba zai faɗa ba.