Mutunci da talauci a finafinan Armeniya na farko

Yaushe Armeniya ta fara yin fim?

A 1923 gwamnatin Sobiyet ta kafa kamfanin fim a Yerevan, babban birnin Armeniya. Cikakken fim na farko, Namus, an fara nuna shi a 1926, babu murya. Hamo Beknazarian ne ya ba da umarni, ya ɗauko labarin daga littafin Aleksanda Shirvanzade na 1885. Ma'anar sunan: mutunci.

Me labarin ya ƙunsa?

A garin Shamakhi (a Azerbaijan ta yau), an yi wa Seyran, ɗan maginin tukwane, baiko da Susan, 'yar tela Barkhudar, tun suna yara. Al'ada ta hana su ganawa kafin aure. Seyran ya je wurinta a ɓoye, asiri ya tonu. Don wanke sunan gidansa, uban ya fasa alkawari ya aurar da ita ga Rustam, attajirin ɗan kasuwa. Kishi ya sa Seyran ya yi mata ƙazafi, Rustam ya kashe ta, shi kuma Seyran ya kashe kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, babu wanda ya tambayi Susan. Maza uku suna ta maganar mutunci, ita ce ta biya da ranta.

Ina maganar talaka da mai kuɗi ta shigo?

Ta fito fili a Pepo na 1935, fim ɗinsu na farko mai murya, daga wasan kwaikwayon Gabriel Sundukian, kiɗan kuma na Aram Khachaturian. Pepo masunci ne a Tiflis (Tbilisi ta yau, babban birnin Jojiya). Attajiri Zimzimov na riƙe da kuɗin auren Kekel, ƙanwar Pepo (a can dangin amarya ke kai wa ango kuɗi). Da takardar shaida ta ɓace, sai attajirin ya yi mursisi, auren ya watse. Da aka gano ta, ya nemi ya biya a rufa masa asiri. Pepo ya ƙi.

Ba farfagandar gwamnati ba ce kawai?

Akwai ta, don hukuma na son a ga munin tsohon zamani. Amma marubutan biyu sun rubuta labaransu shekaru da dama kafin juyin juya halin Rasha na 1917, kan abin da suka gani a cikin mutanensu.