Amfilifaya marar nauyi don jitar feda: tambayoyi da amsoshi

Mai kaɗa jitar feda a zaune yake aiki, amma kafin ya zauna ya sha ɗaukar kaya. Jitar kanta, in mai wuya biyu ce, takan kusan kilo 30 a cikin akwatinta. Ga kujerarsa wadda ita ma akwati ce cike da wayoyi, ga kuma amfilifaya. Yawancin masu wannan kiɗa a Amurka yanzu shekaru sun ja, baya da gwiwa sun fara magana, shi ya sa neman amfilifaya marar nauyi ya zama babban zance a tsakaninsu. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wace irin jita ce wannan da har sai an nema mata amfilifaya ta musamman?

Jita ce da ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu kamar teburi, Amurkawa na kiranta pedal steel. Ba a danne tsirkiyarta da yatsa. Sandar ƙarfe mai santsi ake zamewa da ita a kan tsirkiyoyin, ƙafar hagu na taka fedoji, gwiwoyi na tura wasu ƙarafa, kowanne yana ɗaure tsirkiya ko ya sassauta ta ana tsakiyar kiɗa. Asalin salon daga tsibirin Hawai ne, amma a birnin Nashville ta samu gida tun shekarun 1950, inda irin su Buddy Emmons suka gyara mata tsari. Wanda ya saurari kiɗan juju na King Sunny Ade a shekarun 1980 ya ji ta: wannan muryar mai zamewa kamar kuka, Demola Adepoju ne ke kaɗa ta.

Abu uku ne suka sa take wahalar da amfilifaya. Tsirkiyoyi goma ne a kowane wuya, kuma a wuyan da ake kira C6 mafi kaurinsu tana girgiza wajen sau 65 a daƙiƙa, alhali ta jitar hannu sau 82 ce. Wato ta fi jita sauka ƙasa, a sama kuma ta fi ta tsini. Sannan na'urar da ke ɗaukar sautinta tana fitar da wuta mai ƙarfi, har takan cika bakin amfilifayar da ba a shirya mata ba. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne fedar ƙarar sauti da ke ƙarƙashin ƙafar dama.

Mene ne ruwan wannan feda da zaɓen amfilifaya?

Duk maganar a nan take. Mai jitar hannu yana ƙwalla tsirkiya, sauti ya tashi ya mutu. Mai jitar feda ba ya barin sauti ya mutu. Yana ƙwalla tsirkiya fedar na wajen rabi, sai ya riƙa danna ta a hankali yayin da tsirkiyar ke lafawa, sautin ya miƙe kamar goge. Domin haka ya yiwu, dole a buɗe amfilifayar fiye da ƙarar da ake buƙata, a bar mata rarar ƙarfi da ƙafa za ta riƙa ɗiba. In babu rarar, a daidai lokacin da ya kamata sauti ya buɗe, sai ya dishe.

Masu jitar hannu da yawa dishewar suke nema, har kuɗi suke biya dominta. A jitar feda kuwa masifa ce. Ana ƙwalla tsirkiya uku a lokaci guda, ana lanƙwasa ɗaya biyun na tsaye. Idan amfilifaya ta fara dishewa, sautukan uku sai su haifi wasu sautuka a tsakaninsu waɗanda babu wanda ya kaɗa, mai sauraro ya ɗauka jitar ce ba ta saitu ba. Sau da yawa mutum kan ɓata lokaci yana murɗa tsirkiyoyi, laifin kuwa na amfilifaya ne. Saboda haka a rage nauyi ta ko'ina, amma kada a taɓa wannan rara.

To daga ina nauyin yake zuwa, kuma me ya canza?

Wuri uku: tiransifoma, maganaɗisun lasifika, da katakon akwati.

Tsofaffin amfilifayoyi suna ɗauke da tiransifoma, dunƙulen ƙarfe da jan ƙarfe, masu kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo ma har manya biyu gare su. Fender Twin Reverb, wadda ta fito a 1963 da wat 85 da lasifika biyu masu inci 12, tana kai wajen kilo 29. Peavey na garin Meridian a jihar Mississippi ya fitar da Session 400 a 1974, mai wat 200 da lasifika inci 15, an gina ta ne domin jitar feda, daga baya Nashville 400 ta biyo. Su suka riƙe fagen shekaru da dama, kuma kowaccensu ta haura kilo 25.

Abin da ya karya wannan shi ne tsarin da ake kira ajin D. Amfilifayar wannan aji tana kunna wuta tana kashewa ne sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha yana tafiya lasifika maimakon ya zama zafi. Ba ta buƙatar babbar tiransifoma, ba ta buƙatar farantan sanyaya ta masu nauyi. A ɓangaren lasifika kuma, maganaɗisun niyodimiyam ɗan ƙarami yana yin aikin da babban faifan maganaɗisu na da yake yi. Katako ma haka: akwatin katakon itacen fayin (pine) ya fi na matsattsen garin katako sauƙi nesa ba kusa ba.

Wat nawa ne suka isa?

A ganina, mai wasa da ƙungiyar da ke da ganguna kada ya sauka ƙasa da wat 80 zuwa 100 a amfilifaya marar kwalabe, kuma 200 ce ke ba da kwanciyar hankali. A ɗaki ko ɗakin ɗaukar sauti, ƙasa da haka ya wadatar.

Sai dai lambar wat tana yaudara. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan bambanci ne a kunne. Sai an ninka kusan sau goma kafin mutum ya ji ƙarar ta ninku. Don haka wat 200 ba domin ƙara ake sayensu ba, domin tsabtar sauti ne a lokacin da aka danne feda. Lasifika mai fitar da amo sosai a kan wat 100 tana iya yin daidai da raggo a kan wat 200. A kuma duba om nawa (ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta) aka auna wat ɗin a kai: amfilifayar da aka rubuta mata wat 200 a om 4, in ka haɗa ta da lasifika mai om 8, sau da yawa abin da za ta bayar zai ragu sosai.

Waɗanne ake amfani da su yanzu?

Peavey Nashville 112 ce ta fara jan mutane daga manyan akwatuna. Wat 80 ce, lasifika inci 12, nauyi wajen kilo 19. Tana da maɓallan da mai jitar feda ya saba da su, kuma ana samunta ta hannu da sauƙin kuɗi. Aibinta, a wuri mai ƙara sosai takan kai ƙarshen ƙarfinta, kuma kilo 19 yanzu ba a kiransa sauƙi.

Quilter na jihar Kalifoniya, kamfanin Pat Quilter wanda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin kayan sauti na QSC, ya yi Steelaire mai wat 200 da lasifika inci 15 a ƙasa da kilo 18. Yana kuma da ƙananan kawuna, wato injin amfilifaya kaɗai ba lasifika, da ake kira Tone Block, wat 200 a cikin abin da bai fi kilo 2 ba, ka sa a jakar hannu.

Fender ya fitar da Tone Master Twin Reverb a 2019. Kamanninta na tsohuwar Twin ne, amma babu kwalba ko ɗaya a ciki, kwamfuta ce ke kwaikwayon muryar, ajin D ke turawa. Kilo 15 ce, kusan rabin ta asali. Ga mai son irin muryar Nashville ta shekarun 1960, mai ƙyalli da amsa-kuwwa mai zurfi, wannan ta fi kusa. Maɓallin tsakiyar sautinta dai guda ɗaya ne, ba ka zaɓen inda za ka yanke.

Milkman na San Francisco yana da Half and Half, gaba kwalba, baya ajin D mai wat 300, tana da tsada. A can ƙasan farashi kuma akwai Boss Katana mai wat 100, wajen kilo 15. Ba don jitar feda aka yi ta ba, amma mutane da yawa sun zauna sun saita ta, ta yi musu aiki. Wanda ke fara koyo, ba zan hana shi ita ba.

Me ake nufi da yanke tsakiya?

Jitar feda tana da wani amo na hanci a wajen girgiza 800 a daƙiƙa, kamar mai magana da mura. Tsofaffin Peavey suna da maɓallai biyu domin wannan: ɗaya ka nemo wurin, ɗaya ka rage shi. Masu kiɗa da yawa sun shekara da shekaru maɓallin na kan 800 ba su motsa shi ba. Amfilifayar da ba ta ba ka wannan dama ba, komai sauƙinta, za ka yi ta fama da ita, ko kuma ka sayi wata ƙaramar na'urar daidaita sauti ka ƙara a gaba, nauyi da waya su dawo ta bayan gida.

Lasifika inci 12 ko 15?

Mai kaɗa wuyan E9 kaɗai, wanda shi ne muryar kiɗan karkarar Amurka da aka fi sani, inci 12 ta ishe shi. Mai C6 ko jita mai tsirkiya 12 da ke sauka ƙasa sosai zai fi jin daɗin inci 15, ko da yake akwai sababbin masu inci 12 da aka yi domin jitar feda da ke ɗaukar kaurin nan ba tare da rawa ba. Abin gudu shi ne lasifikar jitar hannu da aka ƙera domin ta dishe da wuri.

Haɗe a akwati ɗaya, ko kai daban lasifika daban?

Rabawa tana da daɗi a baya: kaya biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai nauyi, kuma kan yana iya zama kusa da hannunka, lasifikar na can baya. Amma waya ta ƙaru, abin mantawa a gida ya ƙaru. Mai hawa bene da kaya ya raba, mai gangarawa da su a kan tayoyi ya bar su haɗe.

Wasu ma sun daina ɗaukar lasifika gaba ɗaya, suna tura sauti kai tsaye zuwa miksa su saurari kansu a kunne. Yana aiki inda mai kula da sauti ya san aikinsa. Inda bai sani ba, ka miƙa muryarka ga wanda zai iya binne ta. Amfilifaya mai kafar fita zuwa miksa ta ba ka duka biyun, don haka a duba bayanta kafin a saya.

Ina da tsohuwar Nashville 400 da nake son muryarta. Dole in rabu da ita?

A'a. Cire lasifikar Black Widow da ta zo da ita a sa ta niyodimiyam, irin EPS-15C ta Eminence da aka yi domin jitar feda, yana sauke kilo da dama. Muryar za ta ɗan canza, don haka a ajiye tsohuwar lasifikar, kada a sayar sai an yi wasa biyu ko uku da sabuwar. Wasu kuma sukan ciro injin su sa shi a ƙaramin akwati, lasifika a wani. Waɗannan tsofaffin suna da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: kayan cikinsu a fili suke, mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya bin su da mita ya gano abin da ya ƙone. Allon ajin D kuwa galibi sai dai a canza shi ɗungurungum.

Yaya zan gwada kafin in biya?

Ka je da jitarka da fedarka da wayoyinka, kada ka yarda da gwajin da aka yi da jitar hannu. Buɗe amfilifayar yadda za ka buɗe ta a wurin wasa. Ƙwalla tsirkiya uku, taka fedojin farko biyu a hankali, ka danne fedar ƙara har ƙasa, ka saurari ko wani gurnani ya shigo ƙarƙashin sautin. Sauka kan mafi kaurin tsirkiya ka ji ko akwatin na karkarwa, domin akwati marar nauyi da ba a ɗaure shi da kyau ba a nan yake tona kansa. Hau can saman wuya ka ji ko tsinin yana soka kunne. Sa hannu ka tsayar da tsirkiyoyi, feda a buɗe, ka ji yawan shuuu ɗin da ke fita. Sannan ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka yi taku ashirin, domin mariƙi marar kyau yana sa kilo 15 ya zama kamar 20.

In zan sayo daga Amurka in kawo gida, akwai abin lura?

Wuta. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar 220 zuwa 230. Wasu sababbin amfilifayoyi suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, wasu ba sa karɓa, tsofaffin kuwa sai da tiransifomar rage wuta, wadda ita kaɗai tana iya maido da nauyin da ka gudu. Karanta rubutun da ke kusa da kafar wuta kafin ka jona. Kuma inda wuta ke hawa da sauka, ko ana kan janareto, a sa sitabilaiza a tsakani, domin allon da ya ƙone sai an aika waje kafin a samu madadinsa.