Daniel Stenberg da curl: tambayoyi da amsoshi kan sana'ar haɗa buɗaɗɗiyar manhaja

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja ana rubuta ta ne da jerin umarni wanda ɗan Adam zai iya karantawa, kafin a juya shi zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu, su miƙa wa mai saye abin da aka riga aka gama. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka baje rubutunta a fili, tare da lasisin da ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka a 1983 bisa wannan aƙida, sannan a 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da Linux, wanda a kansa aka gina Android.

Wane ne Daniel Stenberg?

Ɗan ƙasar Suwidin ne, kuma shi ne jagoran curl, wata ƙaramar manhaja da aikinta shi ne ɗauko bayanai daga intanet da kuma aika su. Asalin buƙatarsa a 1996 ba ta wuce ya riƙa samun farashin canjin kuɗi kai tsaye don abokan hirarsa na intanet ba, sai ya ɗauki wata manhaja da wani ɗan Brazil ya rubuta, ya ci gaba da ƙara mata abubuwa har ta fito da sunan curl ranar 20 ga Maris, 1998. A yau tana cikin wayoyi, motoci, talabijin da na'urorin buga takarda, kuma tun 2018 Windows 10 ke zuwa da ita. Mafi yawan masu amfani da ita ba su taɓa jin sunanta ba.

Wace ƙwarewa irin wannan aiki ke buƙata?

Sanin harshen kwamfuta wajibi ne, kuma curl da harshen C aka rubuta ta, wanda ke sa manhaja ta yi sauri amma ba ya yafe sakaci, domin kuskure kaɗan wajen sarrafa ma'ajiyar kwamfuta yana iya buɗe wa ɓarayi ƙofa. Sai dai a ganina, mutane suna ba wannan ɓangare muhimmanci fiye da kima. Mai haɗa manhaja ya fi ɗaukar lokaci yana karatu a kan rubutu: yana nazarin ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai, irin su HTTP da FTP, yana bin sawun abin da wasu suka rubuta shekaru da suka wuce, yana kuma ƙoƙarin fahimtar ƙorafin mutumin da bai iya bayyana matsalarsa da kyau ba. Bayan wannan akwai iya cewa a'a cikin ladabi, saboda duk wani sabon abu da aka amince aka shigar, nauyin kula da shi ya rataya a wuyan jagoran muddin manhajar tana raye.

Yaya aikin ke gudana?

Ana ajiye rubutun a Git, wanda Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi shi da dalilinsa. Mai son ba da gudummawa yakan kwafi rubutun, ya yi gyaransa, ya miƙa shi a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan ayyuka. Nan take kwamfutoci za su gudanar da gwaje-gwaje masu yawa don tabbatar da cewa gyaran bai lalata wani abu ba, sannan mutane su duba shi layi-layi, su nemi a sake inda bai yi ba. Ana fitar da sabon zubi kusan duk bayan mako takwas, kuma idan ranar ta gabato ana daina karɓar sabbin abubuwa, sai gyaran kurakurai kawai. Abin da ya fi burge ni shi ne, tun 2006 masu kula da curl ba su sauya hanyar da wasu manhajoji ke haɗuwa da curl ta yadda tsofaffin za su daina aiki ba.

Idan kyauta ce, ta ina Stenberg yake samun abinci?

Shekaru masu yawa da dare yake aikin, bayan ya tashi daga aikin albashi. Sai a 2019 ya koma yin curl cikakken lokaci a ƙarƙashin kamfanin wolfSSL, inda masu buƙatar tallafi na musamman ke biya. Manhajar kyauta ce, abin sayarwa shi ne ƙwarewa, kuma kan irin wannan ciniki kamfanin IBM ya sayi Red Hat, kamfani mai sayar da tallafi kan Linux, a 2019 kan dala biliyan 34. Amma mafi yawan masu kula da irin waɗannan ayyuka ba sa samun ko sisi.

Babu haɗari a dogaro da 'yan sa-kai?

Akwai. A 2014 wata matsalar tsaro da aka kira Heartbleed ta nuna cewa manhajar OpenSSL, wadda ke tsare sirrin ɗimbin shafuka, mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita. A Maris 2024 kuma wani mai haɗa manhaja, Andres Freund, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a kwamfutarsa, ya bi diddigi, ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a xz, wata manhajar matse fayiloli. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako har wanda ke kula da manhajar, da aiki ya yi masa yawa, ya amince da shi.

Ta ina mai sha'awa zai fara?

Ya fara da manhajar da yake amfani da ita. Rahoton kuskure mai tsari gudummawa ce, haka ma gyara bayanan amfani ko fassara su. Wanda ya ga manhaja tana mayar da ƙ, ɗ da ɓ akwatuna, ya rubuta yadda abin ya faru, da irin na'urarsa da zubin manhajar, ya aika wa masu kula da ita.