Mene ne addinin ganin ido, kuma ina ya rabu da bangaskiyar Kirista?

Idan Kirista ya ce addinin ganin ido, yana nufin ibadar da ta cika a waje, zuciya kuwa ba ta san ana yi ba. Mutum ba ya fashin sujada, an yi masa baftisma, yana ba da zakka da baiko, ya haddace waƙoƙi, amma bai dogara ga Almasihu ba, halinsa kuma yana nan yadda yake. Wasu kan ce Kiristan suna, wasu Kiristan Lahadi. Manzo Bulus ya bayyana abin a 2 Timoti 3:5, inda ya yi maganar masu riƙe da siffar ibada alhali sun musunta ikonta.

Abin da ke rikita mutane shi ne ayyukan iri ɗaya ne. Mai bangaskiya yana azumi, mai ganin ido ma yana yi, wani lokaci har ya fi shi. A Matiyu 6:1-18 Yesu ya ɗauki abubuwa uku, sadaka da addu'a da azumi, bai hana ko ɗaya ba. Abin da ya tona shi ne wanda ake yi wa aikin. Mai busa ƙaho kafin ya ba da sadaka, da mai tsayawa addu'a a mararrabar hanya, da mai ɓata fuska don a san yana azumi, duk ya ce sun riga sun karɓi ladansu. Yabon mutane suka nema, sun samu, shi ke nan. Maganin da ya bayar kuma a sarari yake: hannun hagu kada ya san abin da na dama ke bayarwa, mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai.

Masu wannan hali ba kashi ɗaya ba ne, haɗa su wuri guda kuwa yana jawo a ba su maganin da bai dace ba. Akwai wanda ya san sarai abin da yake yi. Hananiya da matarsa Safiratu, a Ayyukan Manzanni sura 5, sun sayar da fili suka ɓoye wani kaso, suka kawo saura kamar shi ne duka. Bitrus ya gaya masa filin nasa ne, kuɗin ma nasa ne, ba wanda ya tilasta masa. Laifin shi ne ƙaryar, wato neman sunan wanda ya ba da kome ba tare da ya bayar ba. Wannan shi ne munafunci tsagwaronsa.

Kashi na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin shi ba ya yaudarar kowa sai kansa. Bafarisiyen da ke Luka 18:9-14, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Dokar Musa, bai faɗi ƙarya ba. Yana azumi sau biyu a mako, alhali azumin da Dokar Musa ta wajabta na Ranar Kafara ne, sau ɗaya a shekara. Yana fitar da zakkar duk abin da ya samu. Amma addu'arsa lissafi ce da ya kawo wa Allah, yana auna kansa da mai karɓar harajin da ke tsaye can nesa yana bugun ƙirji yana neman jinƙai. Yesu ya ce mai karɓar harajin ne ya koma gida kuɓutacce. Mutum irin Bafarisiyen nan ƙwararre ne a ƙananan abubuwa da ake iya ƙirgawa. A Matiyu 23:23 Yesu ya zargi malaman Doka da Farisiyawa da fitar da zakkar na'ana'a da sauran ganyayen ƙanshi, suka bar adalci da jinƙai da aminci. A Markus 7:9-13 kuma sun samo dabarar cewa dukiya ta zama keɓaɓɓiya ga Allah, don mutum ya kuɓuce wa ɗawainiyar iyayensa. A wannan sura ce Yesu ya jawo maganar annabi Ishaya, cewa da baki suke girmama Allah, zuciyarsu tana nesa.

Kashi na uku shi ne Kiristan gado. Bai yi niyyar cutar kowa ba, bai ma taɓa zama ya yi tunanin abin ba. An haife shi a gidan Kirista, sunansa yana cikin rajistar ikkilisiya, ya ɗauka magana ta ƙare. Irin wannan yana yawaita duk inda zama Kirista ba ya jawo wa mutum asara. Bayan sarki Kwanstantin ya halatta addinin a shekarar 313, sannan aka mai da shi addinin daular Roma a 380, majami'u sun cika da mutanen da ba bangaskiya ce ta kawo su ba. Amma tun kafin nan Wahayin Yahaya 3:1 ya ce wa ikkilisiyar Sardisu tana da sunan rayayya alhali matacciya ce.

Ita bangaskiya ta gaskiya, malaman tauhidi sun saba raba ta gida uku: sanin abin da bishara ta ce, yarda cewa gaskiya ne, da dogara gare shi. Biyu na farko ba su isa ba. Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Na ukun ne ke raba gardama, wato mutum ya daina jingina ga abin da ya tara, ya jingina ga mutuwar Almasihu da tashinsa. Bulus ya jera nasa abin tunƙaho a Filibiyawa sura 3, kaciya a rana ta takwas, kabilar Biliyaminu, Bafarisiye, marar aibu a wajen Doka, sannan ya ce duk ya ɗauke su hasara. Afisawa 2:8-10 ta sa abubuwan a jere: ceto ta wurin alheri yake, ba ta ayyuka ba, amma an halicci mai bi domin kyawawan ayyuka. Ayyukan suna biyo baya. Katolika da Furotesta sun daɗe suna jayayya kan yadda za a faɗi dangantakar bangaskiya da ayyuka, sai dai babu ɓangaren da ke koyar da cewa al'ada kawai, ba tuba, tana ceto.

John Wesley, wanda ya assasa tafarkin Methodist, misali ne da ya kamata ma'aikatan ikkilisiya su riƙa tunawa. An naɗa shi firist a Ikkilisiyar Ingila a 1728, ya tafi Jojiya ta Amurka a 1735 don aikin bishara, mutum ne mai tsananin azumi da tsarin addu'a. Duk da haka sai ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, ya ji ya dogara ga Almasihu kaɗai don ceto, kamar yadda ya rubuta daga baya. Ba kowa ne ke da ranar da zai nuna haka ba, kuma ba dole ba ne. Abin lura shi ne rigar aiki da mumbari ba su tabbatar da kome ba. Matiyu 7:21-23 ya ƙara tsananta maganar, domin waɗanda aka kora a wurin masu annabci ne da fitar da aljanu da sunan Yesu.

2 Korantiyawa 13:5 ya ce mutum ya gwada kansa. Wurin dubawa shi ne inda ido ba ya kaiwa da inda abin ke da tsada. A kwatanta addu'ar da ake yi a gaban jama'a da ta cikin ɗaki: idan ta farko tana kai minti goma, ta biyun kuwa babu ita sam, amsa ta fito. A duba abin da ke faruwa a rai idan an yi hidima ba a ambaci sunan mutum ba, ko aka ba wani matsayin da yake hari. A duba abin da ya fi damun mutum bayan ya yi zunubi, tonon asiri ko saɓon kansa. Mai ganin ido rufa-rufa yake nema, mai bangaskiya yana furtawa, yana mayar da abin da ya ci kamar yadda Zakka, shugaban masu karɓar haraji, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu a Luka 19. Yakubu 1:26-27 ya ƙara biyu, kame harshe da kula da marayu da gwauraye, mutanen da ba su da abin rama alheri. Mutanen gida da waɗanda ke aiki a ƙarƙashin mutum su ne suka fi sanin amsar. Halaye tara da Galatiyawa 5:22-23 ta ce Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa, daga ƙauna zuwa kamun kai, ba a auna su da mako guda. Sai a waiwayi shekara biyu ko uku a ga ina aka dosa.

Wajen gyara ake yawan yin ɓarna. Wani yana ganin munafunci sai ya daina zuwa sujada, ya ce shi zuciya yake bi. Yesu bai ce haka ba. Ko zakkar na'ana'ar cewa ya yi a yi manyan ba tare da an bar ƙananan ba, Ibraniyawa 10:25 kuma ta hana barin taruwa. Wani kuma da ya ji zuciyarsa ta bushe sai ya ninka azumi da kwanan addu'a, ya ƙara abin da dama shi ne ya dogara gare shi. Abin da yake bukata tuba ne, ya faɗa wa Allah gaskiyar halinsa, ya kuma sami wani amintaccen mai bi da zai buɗe wa cikinsa.

Akwai kuma mai raunin zuciya da ke jin irin wannan koyarwa ya yanke wa kansa hukunci. Rarraunar bangaskiya daban take da ta ƙarya. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku ya fita ya yi kuka mai zafi, aka kuma mai da shi. Mahaifin yaron nan na Markus 9:24 ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, ba a kore shi ba. Wanda halinsa ke damunsa haka da wuya a ce siffa kawai yake riƙe da ita.

Mafi yawan ɓarnar kuwa ta masu farautar munafukai ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ikkilisiya tana da hurumin tsawatar wa zunubin da ya fito fili, Matiyu 18:15-17 ya ma tsara matakan: a je wa mutum shi kaɗai, in ya ƙi a ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikkilisiya. Amma ba a ba fasto ko dattijo ikon karanta zuciya ba. A misalin alkama da zawan (ciyawa mai kama da alkama) na Matiyu 13, bayin sun nemi izinin tuge zawan, maigidan ya hana su, don kada su tumɓuke alkamar tare da shi kafin lokacin girbi.