Filayar masu aikin wayar lantarki

Filayar masu aikin waya babbar filaya ce mai kaurin kai da faffaɗan baki, wadda ake riƙe waya da ita, a murɗe ta, a lanƙwasa, a kuma yanke ta. Tana cikin kayan aikin farko da ake buƙatar ɗalibin aikin lantarki ya mallaka, tare da sukundireba da tesita da abin fere waya. Sassanta huɗu ne: baki mai haƙora, kaifi biyu da ke bayan bakin, ƙusar da ta haɗa ɓangarorin biyu, sai mariƙi.

Asali

Sunanta ya samo asali ne daga ma'aikatan da ke hawa turaku suna jan wayar tangarahu a Amurka. Kamfanin Klein Tools mai ƙera filaya a Amurka yana danganta kafuwarsa da shekarar 1857, lokacin da wani maƙeri ɗan asalin Jamus, Mathias Klein, ya ƙera wa wani ma'aikacin tangarahu rabin filayarsa da ya karye a birnin Chicago. A Jamus kuwa, Carl Gustav Putsch ya buɗe maƙera a 1882, a Cronenberg da ke cikin birnin Wuppertal a yau, wadda ta zama kamfanin filaya na Knipex. Har yanzu ana ganin bambancin salon ƙasashen biyu. Ta Amurka ta fi girma da nauyi, bakinta a shimfiɗe yake don murɗa waya. Ta Turai ta fi sirantaka, kuma galibi tana da wani zagayayyen rami mai haƙora a tsakiyar baki don kama noti ko bututu.

Girma da hannun mai ita

Filayar salon Amurka ta fi zuwa a inci 8 ko inci 9, ta Turai kuma a milimita 160, 180 ko 200. Tsawon mariƙi shi ke ba da ƙarfi: gwargwadon tsawonsa, gwargwadon sauƙin yanke waya mai kauri. Wannan ya sa ƙwararru da yawa suka fi son ta inci 9. Sai dai nauyinta ya kusa rabin kilo, kuma idan ta buɗe sosai, mai ƙaramin hannu ba zai iya rufe ta da hannu ɗaya ba. A wurin aiki kuwa ɗaya hannun yana riƙe da waya ko tsani. Saboda haka ɗalibi ya fara riƙe ta tukuna kafin ya saya. Idan ƙaramin yatsa ko na kusa da shi zai iya tura mariƙin ya buɗe, sauran yatsun su maido shi ba tare da wahala ba, to girman ya yi. Ta inci 8 da ta zauna a hannu ta fi ta inci 9 da ake kokawa da ita.

Akwai kuma ƙirar da ake matso da ƙusar kusa da kaifi. Wannan ɗan sauyi yana ƙara ƙarfin yanka sosai ba tare da an ƙara tsawo ba, illa dai bakin ba ya wangamewa kamar na ƙirar da aka saba.

Kaifi, baki da ƙusa

A nan ne filayar kirki take rabuwa da ta bogi, domin daga nesa duk kama ɗaya suke. Ta kirki ana ƙera ta daga ƙarfen da aka buga, sannan a sake gasa kaifin shi kaɗai don ya fi sauran jikin tauri. Ta arha tana yanke wayar jan ƙarfe kwana biyu, daga nan sai ta fara tauna waya maimakon yankewa.

Gwajin da aka fi sani shi ne a rufe filayar a ɗaga ta wajen haske. Kaifin biyu ya kamata su haɗu tun daga tushe har ƙarshe, haske bai ratsa ba. Ɗan siririn gurbi a can ƙarshen baki ba aibu ba ne a yawancin ƙirar Amurka. Da gangan ake barinsa don kada bakin ya riga kaifi haɗuwa. Bayan haka a kama mariƙan biyu a jijjiga su gefe da gefe. In akwai lilo a wurin ƙusa, kaifin zai riƙa saɓa wa juna, kuma waya mai silili da yawa za ta riƙa maƙalewa a tsakaninsu. Sabuwar filaya takan zo da ɗan tauri, wanda ɗigon mai da yawan aiki ke saki. Lilo kuwa ba ya gyaruwa.

Haƙoran da aka zana a gicciye sun fi kama waya ta kowace fuska fiye da masu layi ɗaya, abin da ke da amfani idan ana murɗa wayoyi biyu ko uku wuri guda. Ba kowane kaifi ne aka yi don taurin ƙarfe ba. Yanke ƙusa, sukuru ko wayar da ke da zuciyar ƙarfe da filayar da aka yi don jan ƙarfe da alminiyam yana barin giɓi a kaifi, don haka a duba abin da kamfanin ya rubuta cewa tana yankawa.

Wasu suna zuwa da ƙarin abubuwa, kamar wurin matse kan waya ko wurin jan zaren zura waya a bututu. Suna da amfani, amma ɗan koyo zai iya yin shekararsa ta farko ba tare da su ba.

Mariƙi da batun wuta

Kuskuren da ya fi haɗari a wajen sababbin ɗalibai shi ne ɗaukar cewa duk robar da ke jikin mariƙi tana kare mutum daga wuta. Siririyar robar da ake tsoma mariƙi a ciki, da ma mai kaurin nan mai laushi, don daɗin riƙo kawai aka yi su. Filayar da aka yi don kariya tana bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60900, ko ASTM F1505 a Amurka. Ana gwada kowace ɗaya da volt 10,000, sannan a amince a yi aiki da ita har zuwa volt 1,000 na wutar AC, wato irin wutar da ake kai wa gidaje. Alamarta a jiki ita ce kusurwa-uku guda biyu da suka hau juna tare da rubutun 1000 V, wasu kuma suna ɗauke da tambarin VDE, cibiyar gwajin kayan lantarki ta Jamus. Mariƙinta yana da tudu kusa da kai don kada yatsa ya zame ya taɓa ƙarfe. Da yawa suna da roba hawa biyu masu launi daban. In launin ciki ya leƙo, filayar ta tashi daga aikin kariya.

Ko da irin wannan a hannu, ana koya wa ɗalibi ya kashe wuta, ya kulle makunnin, ya gwada da tesita kafin ya taɓa waya. Kan filayar ƙarfe ne tsirara: idan ya yanke wayoyi biyu masu wuta a tare, tartsatsin zai narkar da rami a kaifi, zai kuma iya ƙona fuska da ido. Filayar kariya ta fi kauri da tsada, shi ya sa wasu makarantu ke barin ɗalibi ya fara da ta yau da kullum tunda a kan matacciyar waya yake koyo, wasu kuma su wajabta ta tun ranar farko. Jerin kayan da makarantar ta bayar shi ne abin dubawa.

Kulawa

Ana yanka a miƙe, kusa da ƙusa inda ƙarfi ya fi yawa, ba a karkaɗa filayar hagu da dama. Guntun waya yana tsalle idan an yanke shi, don haka ake sa tabarau na kariya. Masu sana'a da yawa sukan mai da ita guduma. Kamfanonin da ke ƙera ta suna hana hakan saboda yana sassauta ƙusa. Zafin wuta kai tsaye yana kashe taurin kaifi, danshi kuma yana kawo tsatsa, wadda goge ta da ƙyalle da ɗigon mai a ƙusa lokaci-lokaci ke hanawa.